Shara Bayan Ziyara

Jiya mutum dubu uku ne, in ji mai ƙirga.
Yau ni ce da tsintsiya,
sai akuyar Damaris tana cin ɓawon lemo a ƙofar coci.

Motocin Gombe sun tafi, na Billiri sun bi su,
'yan Talasse da suka zo a ƙasa
sun koma a bayan a-kori-kura, takalma a hannu.
Sun bar mini kakin kyandir a kan dakali,
ledojin ruwa, ɗan kunne wari guda,
da sandar wani da ya zo yana ɗingishi.
Warkewa ya yi ko mantuwa, oho.
Na jingine ta bayan ƙofa, wurin 'yan'uwanta.

Baƙi kan ce: Mama, yaushe aka gina shi?
Sai in ce: wanne daga ciki?

Na fari inuwar ɗorawa ce.
Kakana Ankale, katikis,
ya rataye ƙarfen tayar mota a reshe
yana duka da guntun gatari.
Mutum bakwai suka zo, biyu don kallo.
Fada farar fata kan iso a babur wata-wata,
Hausarsa na tuntuɓe kamar jaki a hawan Tula,
yara na dariya, shi ma yana taya su.

Na biyu jinka ce, wutar daji ta lashe ta shekarar kyanda.
Na uku na laka,
gara ta yi ta zuwa ba fashi, ta fi kowa naci,
har ginshiƙi ya durƙusa.

Sai wannan.
Kowane dutse a bangon nan ya san kan mace.
Uwata ta ɗauko nata da cikina wata bakwai,
don haka ni ma na yi dako.
Magini Malam Barde ne daga Kumo.
Azahar na yi ya sauko daga tsani,
ya yi alwala da ruwan kwaɓi, ya fuskanci gabas a gindin ɗorawa,
mu kuma mu tsare masa kaji kada su gitta.
Kusurwar da ya ɗora ba ta tsage ba har yau.

Siffar Uwa Maryamu a motar auduga ta zo, cikin bargo.
Gargadar hanya ta karya mata ɗan yatsa,
Filibus Yila ya mayar da siminti, ya fi sauran kauri.
Shi jama'a ke taɓawa.
Ya yi sulɓi kamar dutsen niƙa.

Ruwan kuwa, ga yadda aka ba ni.
Shekarar da rijiyoyi suka ƙafe
mata suka hau dutse da carbi, kwana tara a jere.
Ran na tara, a gangarowa, Keziya ta zame,
ta miƙe tana mita, zanenta duk taɓo.
Taɓo, a watan da ko kuka ba ta da ganye!
Wasu suka ce al'ajabi.
Fada ya ce a bi kalmar a hankali.
Kakana ya ce a kawo tuluna.

Tun ranar ake zuwa, da an kai dawa rumbu.
Mai neman haihuwa, mai neman aiki,
mai ɗa a barikin soja da ya daina kira.
Suna cusa takardu a ƙarƙashin ƙafarta.
Ba na buɗewa. Na ƙi boko tun ina yarinya,
yanzu ya yi mini rana.
Ina tara su a gwangwanin madara, Fada ya ƙone su daren Ista.

Ɗorawa ta faɗi bara waccan.
An sayo ƙararrawa mai igiya, muryarta kamar ta birni.
Ƙarfen kakana na nan bayan ɗakin ajiya, ya yi tsatsa,
ƙadangaru na shan hantsi a kansa.
In na gama shara, ba kowa,
nakan ɗan buga shi da gindin tsintsiya.

Akuya ta ɗaga kai.
Ta ci gaba da cin ɓawonta.